Ƙarfen da Ya Kwana a Cikin Mazo

Tafiyar nan ba ta yi daɗi ba, daga farkonta har ƙarshenta. Nakan ji waɗansu a bakin kasuwar Rogo suna ba da labarin zuwa ci-rani ƙasar Gwalkwas suna dariya, suna maganar agogo da keke. Ni ban dawo da agogo ba. Na dawo da ciwon baya, da tari, da wani abu da ba ya barina in yi barcin kirki. Shi zan faɗa.

Sunana Tanko. Maharbi ne ni, ubana ma maharbi ne, a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo. A shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama aka zagaye dajin da muke shiga a gefen Challawa, aka ce ya zama gandun En'e, aka hana farauta. Gonata ba ta ciyar da gida, gyaɗa kuma ba ta son ƙasar wajenmu. Sai na fita, na nufi Gwalkwas.

Ban ɗauki baka ba, don baka ko'ina akwai itacensa. Abin da na ɗauka ƙarafan kibiya ne, ƙirar wani maƙerinmu na Karaye, an riga an shafe su da dafin kwankwani. Na naɗe su a fata na cusa a cikin gora. Sai ƙahon makari a ɗamarata, wato maganin da ke karya dafi in tsautsayi ya faɗa wa mutum. Dole in yi bayanin kibiyarmu, don in ba a gane ta ba, ba za a gane sauran ba. Ƙarfen yana da kunnuwa, in ya shiga ba ya fitowa ta baya. Kuma ba ma ɗaure shi tam a jikin kyauro, wato karan kibiyar, da gangan ne. In nama ya ruga cikin sarƙaƙiya, kyauron zai fizge ya faɗi, ƙarfen ya zauna a ciki yana aikinsa. Shi ya sa maharbi ba ya barin naman da ya harba, ko dare ne ko ruwa ake. Sai ya bi shi ya yanka kafin ya mutu, ya zare ƙarfensa, ya yanke tsokar da ta kewaye wurin ya binne. A wajenmu ko yarinya mai tsintar itace ta san wannan. In ta ga nama kwance da jini ba ta taɓawa, sai ta rufe shi da ganye ta je ta kira maharba. Ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ba a san haka ba.

A Ikko na fara sanin baƙunci. Mai masaukinmu Bahaushe ne kamar ni, tasbaha ba ta barin hannunsa. Ya ce ɓarayin garin nan babbar riga suke so, in kawo tawa ya ajiye mini. Ita kaɗai ce rigata ta kirki, da ita aka ɗaura mini aure. Ranar tafiya na ce a ba ni, ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Wace riga, malam? Ka san baƙin da ke kwana a zauren nan kuwa?"

Na yi ta tsayuwa a ƙofar har direba ya fara yin ham. Na bar ta.

Motar ta bi bakin teku ta ƙasar da Faransa ke mulka. A wani gari direba ya ce an iso Ankara, babban birnin Gwalkwas, kowa ya sauka, muka sauka, ya juya da motarsa. Sai daga baya muka gane ko iyaka ba mu ƙetare ba. Sauran tafiyar a ƙafa na yi ta cikin yashi, teku tana ruri a haguna dare da rana har kaina ya yi nauyi. Wani masunci ya gan ni zaune ina ɗaure takalmi da igiya. Ba ma jin maganar juna. Ya ba ni busasshen kifi, ya fasa mini kwakwa, ya nuna mini hanya da haɓa, ya koma kan komarsa. Ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata.

A Kumasi na yi dakon huhun goro a zango. A nan bayana ya fara lalacewa. Wata rana na ji wani yana ciniki da irin Hausarmu sak, na juya.

"Kai daga ina?" in ji shi.

"Karaye."

"Allah sarki. Ni Idi, ɗan Rogo. Ashe har nan kuka biyo mu da yunwarku."

"Mun ji an ce kun cika gari da bara, muka zo ɗaukar ku."

Ya yi dariya har ya riƙe kafaɗata. Idi zarto yake ja a wani sansanin masu yankan katako can cikin kurmi, yamma da Kumasi. Ya ce ana neman leburori. Ya ce wahala ce, amma ana ba da abinci. Na bi shi.

Kurmin nan ba ya yi wa mutumin arewa daɗi. Babu sama. Ka ɗaga kai ganye, ka duba gaba ganye, ruwa kullum, tufafi ba sa bushewa. Na riƙa tuna filin wajenmu bayan girbi, inda za ka hango mutum tun yana ɗan ɗigo, ka san ko wane ne kafin ya iso. Na riƙa tuna tuwon dawa da miyar kuka har in ji ƙanshin a hancina, in juya in ga ba komai.

Mai dafa wa leburori abinci wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, sunanta Akosuwa. Ni Iya nake ce mata, ita kuma Kano take ce mini. Hausarta ba ta wuce ta kasuwa ba: zo, ci, nawa, sannu. Da farko sakwarar gwaza da ayaba nake ci gaya, ba miya, don naman da ke cikin miyar ba yankakke ba ne. Ban ce wa kowa komai ba. Ita ta lura. Wata rana ta jawo hannuna bayan murhu ta nuna mini wata 'yar tukunya sabuwa, miyar kifi a ciki, ta ce, "Kano. Naka." Daga ranar tukunyarmu daban ni da Idi. In za ta dafa kaza, sai ta aiko a kira ni in yanka. Da zazzaɓi ya kayar da ni, helma, shugaban leburori, ya ce a fitar da ni daga ɗakin leburori kada in shafa wa mutane. Iya ce ta shimfiɗa mini tabarma a gefen murhunta, ta riƙa ɗura mini wani ruwan ganye mai ɗaci tana yi mini faɗa da yarensu har na miƙe.

Ba ni da abin ba ta. Sai na sassaƙa baka, na samo kara mai kama da kyauro, na buɗe gorata. Ranar Lahadi ba a aiki, nakan zagaya bakin gonaki in samo gada. In bi ta, in yanka, in zare ƙarfena, in yanke wurin in binne, in kawo wa Iya nama tsaf. Ba ta taɓa ganin ƙarfe a cikin nama ba, don kullum na riga na cire. Wannan ban yi tunaninsa ba sai daga baya.

Idi ne ya ja mini kunne.

"Ɗan Karaye, nan ba Challawa ba ce. Ka ga sharar nan da aka yi doguwa a bayan gonaki? Daga can gandun gwamnati ne. Kuma ko a wannan ɓangaren, rana ta faɗi an rufe daji. Ba farauta, ba wuta, ba fitila."

"Don me?"

"Masu bindiga da fitilar goshi. Sun ƙarar da namun, sannan suka koma harbin juna. Wani ya ga idon ɗan'uwansa na ƙyalli ya ce gada ce."

"To in mutum ya yi harbi da rana, nama ya gudu har dare ya yi fa?"

"Ka je ka tambayi Bature. Ni zarto nake ja."

Ban ce dokar ba ta da dalili ba. Tana da shi. Amma wanda ya yi ta bindiga ya sani, bai san kibiya ba.

Iya tana da 'yar gona a bayan sansani, barkono da gwaza. Wani mazo ya matsa mata. Mazo irin barewar kurmi ce, ja mai zanen fari, namijin yana da ƙaho. Ta kai ni ta nuna mini sawu da ganyen da ya cinye, ta ɗora yatsu biyu a kanta kamar ƙahoni, ta ce, "Kano, ɓarawo." Na ce ta bar shi da ni.

Mazo ba ya fitowa sai rana ta yi sanyi. Na laɓe tun la'asar. Ya fito da sauran haske, doka ba ta riga ta rufe daji ba. Na yi bisimilla na saki. Sai ya ɗan juya, kibiyar ta same shi can baya wajen ciki maimakon haƙarƙari. Ya zabura ya nufi sharar nan. Na bi jini. A kurmi magariba ba ta jinkiri, kamar an kife ƙwarya ne. Na koma da gudu na zaro bakin wuta daga murhun masu gadin katako, na dawo kan sawu. Malamanmu sun ce naman da ya kwana ba ka gan shi ba ya haramta gare ka, amma ba naman ne a raina ba. Ƙarfena ne a cikinsa, a wurin da mai fiɗa ke fara sa hannu.

Ban yi nisa da ƙetare sharar ba na ji an ce, "Kai, tsaya nan."

Masu gadin daji ne su uku. Babbansu Kofur Salifu, tsohon soja daga arewacin ƙasar, yana jin Hausar bariki. Ba mugu ba ne, na san shi, yakan ci abinci wajen Iya. Suka karɓe bakan da kwarin da ƙahon makari, suka taka wutar.

"Kofur, don Allah ka saurare ni. Akwai nama a gaba, da ƙarfe a cikinsa. Ku ɗaure ni, ku biyo ni da kanku, ku riƙe igiyar. In cire kawai, naman ku ɗauka."

"Dare ya yi. Ko ni ba ni bin nama yanzu."

"Ƙarfen yana da dafi."

Ya matso da fuskarsa kusa da tawa.

"Dafi? Kai da bakinka ka faɗi? Wuta a daji tara ne. Dafi gidan yari ne."

"Na ji. A kai ni. Amma kada kowa ya sa hannu a cikin naman nan."

"To, ka ƙara wa kanka," in ji shi.

Suka kai ni barikinsu, da ɗan nisa daga sansani, suka kulle ni a ɗakin da suke ajiye tarkuna da bindigogin da suka ƙwace. Na san al'adarsu. Naman da aka ƙwace na gwamnati ne a baki, amma wajen Iya ake kai shi, ta gyara ta dafa musu. Na yi ta buga ƙofa ina faɗin magana ɗaya har muryata ta dushe. Kofur ya zo bakin taga.

"Malam, ka hana mu barci. Na ji. Kibiya da dafi. Zan gaya wa yara su cire kibiya tukuna. Ka kwanta."

Na yarda da shi. Ya kuma cika alkawari, ya gaya musu.

Da hantsi ya buɗe ƙofar, fuskarsa a sake. Yana riƙe da wani abu a naɗe cikin ganyen ayaba, yana nesanta shi da jikinsa.

"Ka gani? Duk ihun banza. Yara sun samu nama ya mutu bakin rafi. Kibiyarka ma ta fita da kanta, a hanya suka tsinta. Ba wanda ya taɓa da hannu. Wannan joji zai gani."

Ya buɗe ganyen. Kyauro ne, da busasshen jini a bakinsa. Babu ƙarfe.

"Kofur, ina ƙarfen?"

"Wane ƙarfe? Ga kibiya."

"Wannan kara ne. Ƙarfen yana cikin naman. Ina naman?"

Ya dubi kyauron, ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane, leɓensa ya saki.

"Tun safe aka kai wa tsohuwa," in ji shi.

Zan faɗi gaskiya game da mutumin nan. Bai tsaya neman ankwa ba. Ya fizgo ƙahon makari daga inda ya rataye shi ya cilla mini, muka ruga tare, shi da manyan takalmansa yana haki a bayana.

Mun tarar da ita zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno. Mazon yana kwance a kan ganye, an feɗe shi, an buɗe cikin, kayan ciki a cikin tasa. Ta ɗaure tafin hannunta na dama da tsumma. Da ta gan ni sai ta yi murmushi.

"Kano, ka zo? Ɓarawo ya mutu. Nama babba."

Ta miƙa hannun hagu kan turmi ta ɗauko ƙarfen. Ta wanke shi tas, ta goge, ta ajiye mini.

"Naka," in ji ta.

Gumi yana bin goshinta alhali safiyar da sanyi. Na kwance tsumman. Yankan ƙarami ne, a gindin babban yatsa, kunnen ƙarfen ne ya kama ta da ta zura hannu. Na ce wa Kofur ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin leburori su fita. Na ɗaure damtsen da tsirkiyar wani tarko, na tsaga wurin, na tsotse na tofar, na tsotse na tofar. Na jiƙa makari na ba ta. Ta sha tana yamutsa fuska, ta ce wani abu, Kofur ya ce wai ta ce na rama ruwan ganyen da ta ɗura mini. Har dariya ta yi.

Makari yana aiki in an ba da shi nan take. Ubana ya gaya mini haka, ni ma na sani. Na ba ta ne don ba ni da wani abin yi. Ta yi amai. Ta ce ƙirjinta yana tsalle. An aika a kira motar katako a kai ta asibiti, motar tana can cikin daji da lodi. Idi ya bar zarto ya zo ya tsuguna kusa da ni. Iya ta riƙe gefen rigata ba ta saki ba. Kafin la'asar Allah ya yi mata cikawa.

'Ya'yanta maza sun iso daga ƙauyensu da adduna. Kofur ya tsaya tsakanina da su, ya yi musu dogon bayani da yarensu, ban san me ya ce ba. Babban ya daɗe yana kallona, sannan ya tofa yawu a ƙasa ya juya wajen uwarsa. Da ya sare ni da na fi samun sauƙi.

Daga baya an kai ni gaban joji. An tuhume ni da wuta a daji, da ƙetare iyakar gandu, da dafi. Maganar Iya aka ce tsautsayi ne, ba ta cikin shari'ar. Na roƙi tafinta ya tambayar mini abu ɗaya: in mutum ya harbi nama da sauran rana, dare ya riske shi a kan sawu, me doka ta ce ya yi? Joji ya amsa ba tare da fushi ba. Ya ce ya jira safiya. Na yi zaman gidan yari ina fasa dutse, a can na samo tarin. Da na fito aka haɗa ni da ayarin masu goro na dawo. Na tarar matata ta koma gidansu, gonar tana hannun ƙanena. Yanzu a Rogo nake, ina yi wa mutane cirar gyaɗa in baya ya yarda. Maharban wajenmu sukan kira ni in an tashi farautar rani. Ba na zuwa.

Amma ba kotun nake gani in na rufe ido ba, washegarin mutuwarta nake gani. Na kwana a ɗaure a sansani, ana jiran mota. Da gari ya waye mazon yana nan inda ta bar shi, kowa yana tsoron taɓawa, ƙudaje sun rufe shi, karnuka suna zagaye. Na ce wa Kofur ya kwance ni, ya ba ni wuƙa. Bai tambaye ni dalili ba. Na tsuguna na yanke tsokar da ta kewaye wurin harbin, na haɗa da kayan cikin, na haƙa rami mai zurfi a bayan murhunta na binne, na danne da dutse. Aikin bai kai tsawon alwala ba. Shi ne abin da na roƙa a bar ni in yi a daren nan.

Na ce wa Idi ya gaya wa mutane sauran naman ba shi da komai, mai ci zai iya ci. Ba wanda ya motsa. Na wanke 'yar tukunyarmu na kife ta inda take kifewa, na mayar wa Kofur wuƙarsa, na miƙa masa hannuwana.